Daɓen garejin gida: a zuba kuɗin a ƙarƙashi kafin a yi zancen tayil

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu gina gareji a gidajensu, musamman mu mutanen karkarar Kano da Jigawa. Da an kawar da amfanin gona, an kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari, ko an sayar da shinkafa a Haɗeja da Kura, sai ka ga gini ya tashi ta ko'ina. Wanda Allah ya hore wa mota ko A Daidaita Sahu yana so ya sama mata makwanci. Za a tsaya tsayin daka a kan bango da rufi da ƙofar ƙarfe, amma in an zo ƙasa sai a ce wa magini "shafa siminti kawai", ko kuma a shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a jibgo tayil mai sheƙi. Damina ɗaya ko biyu daɓen ya tsage, inda tayoyi ke tsayawa ya lotsa, tayil ɗin kuma in ka taka sai ka ji yana ƙwas-ƙwas.

Garejin ƙauye ba mota kaɗai yake ɗauka ba. Akwai babur, akwai injin ban ruwa, akwai janareta, ga buhunan gero da dawa an jera su har kusa da rufi, wani lokaci har da takin zamani. Ƙaramar mota tana kai tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma duk wannan nauyin a kan wurare huɗu yake sauka, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba sosai. Ranar da aka kafa jak za a canza taya, babban kaso na nauyin ya taru a wuri guda. Ƙafar jingina babur ma haka, ƙarfe ne siriri da ke caka waje ɗaya kullum. Daɓen ɗakin kwana ba zai jure wannan ba, don haka kuskure ne a yi wa gareji irin aikin da aka yi wa ɗaki.

A fara da duba ƙasar wurin. Inda rairayi ne, kamar yawancin arewacin Jigawa, aikin yana da sauƙi, domin ruwa ba ya kwanciya kuma ƙasar ba ta motsi in an danne ta da kyau. Matsalar tana wajen masu baƙar laka ta fadama, irin ta kwarin Haɗeja, Auyo, Miga da wasu sassan Ringim. Wannan ƙasa tana kumbura da damina, ta tsuke ta daddare da rani. Duk daɓen da aka shimfiɗa kai tsaye a kanta zai riƙa hawa da sauka tare da ita har ya karye, ko da buhu nawa aka zuba. A irin wannan wuri sai an kwashe laka aƙalla ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu an maye gurbinta da burji ko jar ƙasa. A ko'ina ma, a kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi da taki, wajen inci 6, a fitar da ita waje. Kada a yarda a yi ciko da ƙasar bola. Leda ce da tsumma da toka a cikinta, in suka ruɓe sai su bar rami a ƙarƙashin daɓe.

Wajen ciko ne aka fi yin ha'inci, saboda da an rufe babu mai gani. Tifa ta juye ƙasa, lebura ya baje ta da shebur, ya watsa bokiti biyu na ruwa, ya ce an gama. Ba a gama ba. Ana zuba ciko ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce inci 6. A yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙule ƙasar a hannu za ta haɗe amma ba za ta ɗiga ba, sannan a kirɓe ta. In akwai injin danne ƙasa na haya a kusa, ya cancanci kuɗinsa. In babu, a cika tsohon gwangwanin fenti da kankare, a kafa masa sanda a tsakiya, ya kwana biyu ya bushe, a riƙa ɗagawa ana bugawa. Iyayenmu mata da suke daɓe da maɗabi suna yayyafa makuba sun san sirrin nan tuntuni, bugun ne ke sa ƙasa ta yi ƙarfi. A fi mayar da hankali gefen bango da kusurwoyi da bakin ƙofa, nan ne hannu ba ya kaiwa, nan ne kuma ake fara lotsawa. Gwajin ba wuya: ka taka da dunduniya da ƙarfi. In ta bar shaida mai zurfi, a sake bugu. Wanda ba ya sauri, ya bar cikon ya sha mako ɗaya ko biyu ana jiƙa shi ana sake bugawa.

Tun a wannan mataki ake yanke tsayin daɓe da gangarensa. Saman daɓen ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6, a unguwar da ruwa ke kwanciya kuma ƙafa guda ko fiye. A tuna cewa hanyar ƙofar gida tana ƙara tudu shekara bayan shekara saboda ciko da maƙwabta ke yi, garejin da aka yi daidai da hanya yau zai koma rami nan gaba. Gangare kuma daga bangon baya zuwa ƙofa yake tafiya: a garejin da tsawonsa ƙafa 20 ne, baya ya fi bakin ƙofa tudu da inci 3. Ido ba zai lura ba, amma ruwan wankin mota zai fita da kansa. A fitar da wannan da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, a yi alama a bango, a kafa turaku a ɗaura igiya. A cikon ake fitar da gangaren, ba a kankare ba. In aka bar shi sai lokacin zuba kankare, bakin ƙofa ne zai zama siriri, alhali nan ne mota ta fi duka.

Bayan ciko ya zauna, a fesa maganin gara irin wanda ake sayarwa a shagon magungunan gona, a bi ma'aunin da ke jikin gorar. Wasu na tuttula baƙin mai a madadinsa. Ban ga hikimar hakan ba a gidan da rijiya take tsakar gida, domin man nan ƙasa zai bi. Sai a baza yashi mai laushi kamar inci ɗaya don kada tsakuwa ta huda leda, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da inci 8 zuwa ƙafa ɗaya, gefenta kuma ya ɗan hau bango. Aiki biyu take yi. Tana hana busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kankare ranar zubi, tana kuma hana danshin damina hawowa daga baya. Mai niyyar ajiye hatsi a gareji bai kamata ya tsallake ledar nan ba, kuɗinta bai kai na buhun gero ɗaya da zai yi fumfuna ba.

Kaurin kankare: inci 4 shi ne mafi ƙaranci, kuma na babur ne da A Daidaita Sahu da ƙaramar mota a kan ƙasa mai kyau. Ni inci 5 nake ba da shawara ga kowa. Mai a-kori-kura da ke shiga da kaya, ko mai ƙasar laka, ya yi inci 6. A sa ragar ƙarfe wadda ake sayarwa a naɗe ko a shimfiɗe, ko a ɗaure rodi mai milimita 8 ko 10 da tazarar inci 8 zuwa 10 tsaye da kwance. Ƙarfen ba ya hana tsagewa gaba ɗaya, amma yana riƙe tsagar kada ta buɗe, kada kuma ɓangare ɗaya ya nutse ya bar ɗaya. Sharaɗin shi ne ya zauna a cikin kankaren, wajen inci 2 daga sama. Ragar da aka shimfiɗa a kan leda aka zuba kankare a kanta, asarar kuɗi ce kawai. A ɗaga ta da ƙananan dunƙulen siminti da magina ke kira biskit, kuma a shimfiɗa katako inda baro zai bi don kada a tattake ta.

Yanzu kayan haɗi. Siminti ya zama sabo, in ka cusa hannu cikin buhu ka ji gari ne sumul. Wanda ya yi gudaji da ba sa murƙushewa da yatsa ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu, komai arahar da aka yi maka. Ko na Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka, duk suna aiki in sabo ne, kuma buhun kilo 50 ne. Yashi ya zama mai kaifi na kogi, irin wanda ake ɗebowa daga Wudil ko Tamburawa, ba rairayin bakin hanya mai laushi ba, wanda ke shan ruwa da yawa ya ba da daɓe mai gari. A gwada shi da kwalba: a zuba yashi kamar inci 4, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya wuce kwatan inci sosai, a nemi wani yashin ko a wanke wannan. Tsakuwa kuma fasasshen dutse ne mai girman kashi uku cikin huɗu na inci ya fi. Tsakuwar rafi tana yi in an tankaɗe ta an wanke. Fasassun bulo da marmara mai murƙushewa ba tsakuwa ba ne, wurinsu cikin ciko.

Ma'aunin shi ne ɗaya, biyu, huɗu. Buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka kowane buhu yana ɗaukar kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. A shafe bakin kwano, kada a yi masa tozo. Masu awo da baro suna cewa baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa, amma baro ba girmansu ɗaya ba, kuma lebura in ya gaji da zirga-zirga tula shi yake yi. Kwano ya fi amana. Ga gareji mai ƙafa 20 da ƙafa 12, a kaurin inci 5, a tanadi buhu 18, da kwano 72 na yashi, da kwano 144 na tsakuwa. A inci 4 buhu 14 zuwa 15 ne, a inci 6 kuma 21 zuwa 22. A ƙara buhu biyu ko uku saboda hawan bakin ƙofa. In magini ya ce zai yi maka wannan fili da buhu 8, to ko dai kaurin bai kai ba, ko yashi ya rinjayi siminti.

Ruwa shi ne inda mai gida ya kamata ya kafa kujera ya zauna. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu ɗaya, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Masu aikin jinga suna son kankare ya yi ruwa tsululu domin ya fi sauƙin kwaɓawa da bajewa. Amma duk ruwan da ya wuce buƙata zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka a jikin kankaren, ƙarfi ya ragu, tsagewa ta ƙaru. Kwaɓin da ya yi daidai ya fi kusa da tuwo mai laushi, ba kunu ba: in aka juye shi daga kwano zai tsaya a tudu ya ɗan baje kaɗan. Ruwan ya zama mai tsabta wanda za a iya sha. Na kududdufi da na rijiya mai kanwa suna raunana siminti, su kuma fito da farin gishiri a saman daɓe. In da hannu ake kwaɓi, a yi a kan dandamali ko faifan ƙarfe, ba a kan turɓaya ba, a juya kayan a bushe sau uku har launinsu ya zama ɗaya kafin a sa ruwa. Abin da aka kwaɓa a zuba shi cikin minti 30 zuwa 45. Wanda ya fara daskarewa kada a farfaɗo da shi da ruwa.

A yi zubin rana ɗaya, a fara daga bangon baya a fito ƙofa. A tara isassun lebura da ruwa tun jajibiri, a fara bayan sallar asuba. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kankaren da aka zuba da tsakar rana yana bushewa kafin a gama gyara shi. Hunturu ya fi yaudara, saboda mutum yana jin sanyi ya ɗauka babu matsala, alhali busasshiyar iskar tana kwashe ruwan saman daɓe cikin awa ɗaya ko biyu, sai ka ga ƙananan tsaga sun fito tun kafin la'asar. A kare bakin ƙofa da zana ko tabarma. Ana zubawa ana caccakawa da guntun rodi, ana bubbugawa da gefen miƙaƙƙen katako don iska ta fita, sannan a ja katakon a kan turaku a daidaita.

Akwai wata al'ada da na so a daina. Da ruwa ya taso saman kankare, sai magini ya barbaɗa busasshen siminti, ya bi da cokalin ƙarfe ya goge har ya yi santsi yana ɗaukar ido. Mai gida ya ji daɗi ya biya. Wannan ɓawon bai kai kaurin farce biyu ba, kuma bai haɗe da na ƙasansa ba. Taya na murza shi zai fara ɓarewa, ko ya riƙa tashi da ƙura duk sharar da aka yi. Daidai shi ne a jira ruwan da ya taso ya ƙafe da kansa, har in ka danna yatsa ya bar 'yar shaida kaɗan, sannan a goge da katakon shafe. A ƙarshe a ja tsintsiya mai tauri a kai, daga baya zuwa ƙofa yadda ruwa zai bi layin. Daɓen zai fito da ɗan kaushi. Kaushin nan shi ake nema, domin santsi da ruwa da baƙin mai in sun haɗu, tsoho ko yaro ne zai sha ƙasa.

Kankare yana tsukewa in yana bushewa, kuma dole ya tsage a wani wuri. Dabara ita ce ka zaɓa masa wurin. A raba tsawon ƙafa 20 gida biyu, a ja layi a tsakiya mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato inci ɗaya da kwata a daɓen inci 5. Ana iya yi da gefen ƙarfe tun yana ɗanye, ko a yanka da injin yanka washegari da sassafe. Tsakanin daɓe da bango ma a sa siririn soso ko kwali mai kauri, kada su manne.

Sai ban ruwa, wanda ba ya cin kuɗi sosai amma shi aka fi sakaci da shi. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar makonni. Da saman ya yi tauri yadda ruwa ba zai ɓata shi ba, a rufe shi da buhunan algarara ko yashi mai kaurin inci 2, a jiƙe sharkaf, a tabbata bai bushe ba dare da rana har kwana 7. Da hunturu ko bazara a kai kwana 10. Watsa bokiti ɗaya da safe a kan daɓe tsirara ba ban ruwa ba ne, kafin hantsi ya ƙafe. Wata hanyar ita ce a yi ɗan kunya da yashi a bakin ƙofa da tsakiya a tare ruwa ya kwanta. A kwana 7 kankare yana samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai a kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Babur zai iya shiga bayan mako guda, ƙaramar mota bayan mako biyu, mota mai kaya kuma ta jira kwana 28. In jinga aka yi, a faɗa tun farko wa zai yi ban ruwan, domin magini yana komawa wani aikin washegari.

Wanda ya yi duk wannan ya riga ya sami daɓen gareji, ba ya buƙatar ɗora komai. Amma tun da akwai masu son ado, ga abin da zan ce. Tayil ɗin ɗaki mai sheƙi bai dace ba sam, siriri ne, yana da santsi, kuma jak ɗaya ya ishe shi. In lallai sai tayil, a nemi mai kauri mai kaushi da aka yi don waje, ƙanana masu santimita 30 ko 40, ba manyan nan masu 60 ba. A ɗora shi a kan kankaren da ya cika kwana 28. A shafe bayansa da ƙasan gaba ɗaya da gam ɗin tayil, domin nau'in mai ƙarfin ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi da kyau. Masu ɗiga kwaɓi biyar a bayan tayil su manna, su ne ke barin kogo a ƙarƙashi, kuma daidai kogon yake fashewa. Bayan kwana biyu a bi kowane ɗaya a ƙwanƙwasa da makulli, wanda ya yi ƙarar fanko a cire a sake. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 a tsakani. Wancan garejin mai ƙafa 20 da ƙafa 12 zai ci tayil murabba'in mita 25 har da na yanka da na ajiya.

Intalok, wato ƙananan bulon kankare da ake jerawa a ƙasa, ya fi dacewa da rumfar mota da filin gaban gareji. Mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙaramar mota, mai 8 na manya ne. Yana zama a kan yashi inci ɗaya da rabi bisa cikon da aka danne, kuma sai an ɗaure gefensa da kankare, in ba haka ba ya riƙa warwatsewa. Daɗinsa, in ɗaya ya ɓaci ka cire shi kaɗai. A cikin rufaffen gareji mai hatsi kuwa ban so shi ba: ƙwaya na maƙalewa a tsakaninsa, tururuwa da gara su sami hanya. Tarazo, wato daɓen siminti da ƙananan duwatsun ado da ake gogewa ya yi sumul, yana daɗewa ƙwarai, amma yana buƙatar injin gogewa da wuta da ƙwararre, ga santsi in ya jiƙe. Fentin ƙasa mai haɗi biyu da ake gani a garejin birni yana hana mai shiga daɓe, sai dai in akwai danshi a ƙasa ɓarewa yake yi. Kafin a saya, a manna leda mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi a kan daɓen, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, a haƙura da fentin.

Ko wane iri aka zaɓa, takin zamani da ruwan batir suna cin siminti, don haka taki da hatsi a ɗora su a kan katako, nesa da bango kaɗan. Ƙarƙashin injin mota a ajiye faranti da yashi ya tare ɗigon mai. Janareta kuma a yi masa nasa dandamalin a waje inda iska ke kaɗawa, saboda girgizarsa da man da yake zubarwa, balle hayaƙinsa da ke kisa a rufaffen wuri.

Masu tsohon daɓe da ya riga ya lalace su fara ƙwanƙwasa shi da guduma. In yana ƙarar fanko ko wani ɓangare ya nutse, cikon ne ya gaza, shafa sabon siminti a kai ba zai kai damina ba. A fasa, a yi amfani da ɓaraguzan a ciko, a sake daga farko. In kuwa yana nan daram, saman ne kawai ya ɓare, a sassare shi da kurfi ya yi kaushi, a cire duk inda mai ya shiga, a wanke, a jiƙa shi tun daren jajibiri, a shafa ruwan siminti mai kauri, kuma tun bai bushe ba a zuba sabon kankare mai ƙananan tsakuwa, kaurinsa kada ya gaza inci 2. Kafin a fara a auna ƙasan ƙofar ƙarfen, domin sau da yawa sai an ɗaga ta ko an rage ta kafin ta sake rufuwa.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Daga wani magini,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.